Fankar Yaya

Kwana da kwanaki injin surfanin nan yana yi wa mai shagon wulaƙanci. Sai ya ɗinka rabin fure a wuyan riga, zare ya tsinke, jar fitila ta kama, ya yi tsit. Ta canza allura, ta ɗiga mai, ta sassauta zare, duk a banza.

Abin haushin, da bakanike ya zo sai injin ya zama mutumin kirki. Yakan ce, "A kashe fankar nan in ji kukansa." Injin ya gama furen tsaf, bakanike ya kalle ta kamar ita ce mai matsalar, ya tafi.

Yau yana fita, yayanta, da kullum yake zuwa shagon shan iska, ya kunna fankar. Nan ta ga zaren yana rawa a saman injin, har ya zame daga maƙalinsa. Fitila ta sake kamawa.

"Yaya, kashe fankar nan."

"A zafin nan? Haba ƙanwata, ki dai sake kiran bakaniken."

Ta fizge wayar fankar daga bango, ta miƙa masa guntun kwali. "Ga naka injin. Wannan ba ya tsinka zare."