Asabar ɗin da Nedo Bai Rubuta Ba

Ƙarfe sha biyu za a sa hannu a kwangilar ƙera jirgi. Wakilin mai saye ya iso garin Viareggio na bakin tekun Italiya tun jiya, kuma maganarsa ɗaya: jirgin alfarma mai mita hamsin da biyu, a sa shi a ruwa a watan Mayu na baɗin baɗi. In ba za a iya ba, akwai wani kamfani da ke jiran wayarsa.

Loriana Ghilarducci ce mai ƙiyasin awoyin aiki. Awar masu walda, ta kafintoci, ta masu wayar lantarki, duk ta tattara sun zauna daram. Wuri ɗaya ya ƙi: shafen jikin jirgi da gogarsa, aikin da ake yi da dogon katako mai samfefa har ƙarfe ya yi sumul kafin fenti. Littattafan kamfanin na shekara talatin sun ce awa dubu ashirin da shida. Jirgin bara, na farko da sababbin ma'aikata suka goge, ya ci dubu talatin da uku.

"Ragwaye ne kawai," in ji Injiniya Duilio, mai kamfanin, yana gyara nakatayi. "Ki sa tsohuwar lamba. Mutum arba'in ke jiran aikin nan, kin fi ni sani."

Ta sani. Rumfar ƙira fayau take tun watan jiya, har tattabaru sun fara ɗaukarta tasu. Amma lamba ba ta ƙaruwa da dubu bakwai don lalaci kawai, kuma ita ta tsaya ta ga mutanen nan suna aiki. Ƙarfe goma saura ta ɗauki jaka ta nufi shagon kofi na bakin mashigin ruwa, inda mahaifinta Nedo ke zama kullum tun da ƙurar guga ta cinye masa huhu ya ajiye aiki. Shi ya shugabanci masu gugar duk tsawon shekarun nan, kuma littattafan da hannunsa aka cika su.

"Ga Hajiyar lissafi," in ji shi. "Yau wa za a yanka?"

"Baba, jirgi irin wannan, awa nawa kuke gogewa?"

"Yana rubuce. Ko karatun ya gudu?"

"Na bara sun ɗara ku da dubu bakwai."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, sai da ya dafa tebur. "To me suka sani? Juma'a da yamma sun wanke hannu sun tafi. Yaushe za su ga tudu da kwari? Sai ranar Asabar ake ganin jirgi. Babu mai walda, babu ƙara. Ka buɗe ƙofar gabas, rana ta shigo a karkace, ka bi jikinsa da tafin hannu. Nan kake kama abin da ido ya tsallake."

Loriana ta matso kusa. "Asabar ɗin kuna rubutawa?"

Ya dube ta kamar ta zage shi. "A rubuta me? Kuskurenmu muke gyarawa. Mutum ya rubuta kunyarsa a littafi a biya shi?"

Ta jawo takardar goge baki ta hau lissafi. Mutum goma sha biyu, awa takwas, Asabar saba'in. Kafin ta gama ta riga ta ga amsar. Kusan dubu bakwai. Wata uku da ɗoriya ke nan. Mayu ya tafi, sai Satumba, lokacin da masu irin wannan jirgi suka gama shan iskar tekunsu sun koma gida.

Ta faɗa masa. Nedo ya daɗe yana juya ƙaramin kofinsa.

"Ki sa tsohuwar," ya ce. "Zan kira tsofaffin abokan aikina, su Moreno da Fosco. Mun tsufa, amma hannu bai manta ba. Asabar saba'in ce kawai."

"Baba, matakalar gidanka ma sai ka huta sau biyu."

"Kada ki bari a rufe rumfar nan saboda alƙalaminki, Loriana."

Ta san ba cika baki yake ba. In ta sa ƙaramar lamba, zai zo, da tarinsa da kwalbar maganin shaƙarsa, ya kama katakon guga ya shaƙi ƙurar da za ta cinye abin da ya rage masa na huhu. Ta tuna tana 'yar shekara tara, ranar Asabar a bakin ƙofa da rigar iyo, tana jiran ya dawo ya kai ta teku. Uwarta takan ce ya kusa. Har ta girma bai taɓa kusa ba.

Sha biyu saura kwata ta ajiye takardar gaban Injiniya Duilio. Dubu talatin da uku, watan Satumba, da sa hannunta a ƙasa. Ya karanta, fuskarsa ta yi ja.

"Kin san abin da kika yi? Mutumin nan zai tashi ya tafi."

"Ranar Asabar ce ba a rubuta ba, Injiniya."

Bai tambaye ta wace Asabar ba. Ya kau da kai zuwa taga.

"Ni nake kai wa su babanki burodi da kifi," ya ce a hankali. "Kyauta suka ba ni Asabar ɗinsu. Ban taɓa roƙonsu ba."

"Ba tasu ce kaɗai ba da za su bayar," in ji Loriana.

Ya ɗauki takardar ya shiga ɗakin taro. Minti ashirin bai cika ba wakilin ya fito da waya a kunne, ya wuce ta ko kallo babu, ya shiga motarsa.

Ta taga ta hango Nedo yana tahowa a gefen ruwa, yana tafiya yana tsayawa. Har ya je gida ya ɗauko tsohuwar rigar aikinsa, tana naɗe a hammatarsa. Loriana ta sauka don ta tare shi kafin ya kai ƙofar rumfa.