Bindigogin Ta'aziyya

Lubowa bai shiga rundunar 'yan gudun hijira don ya fahimci wata aƙida ba. A sansaninsu da ke cikin Tanzaniya, wanda ya riƙe bindiga ana ba shi tuwon masara da wake, wanda bai riƙe ba kuwa sai a ba shi haƙuri. Shi tela ne. Tun da sojoji suka ƙwace mulki a Kampala ya tsere, ya bar matarsa Nakitto a gidan iyayenta a ƙauyen Buwenda.

Jagoran ayarinsu, Kwamared Tibamanya, tsohon malamin jami'a ne mai gemun bunsuru. Ya soke muƙamai, ya ce kowa kwamared ne, amma shi kaɗai ke zama a gaban mota. Ya yi imani da zarar talakawa sun hango su, za su taso kamar tururuwa. Don haka ranar tafiya ya sa aka sauke gangunan mai da buhunan abinci daga motocin ɗaukar kofi da suka samo, aka loda akwatunan bindigogin da za a raba wa jama'a.

Oryem, tsohon saje, ya ce, "To motar me za ta sha, Kwamared?"

"Talakawa za su ba mu mai."

"Talakawan da na sani, kananzir ɗin fitila ma roƙonsa suke yi."

"Har yanzu tunanin 'yan mulkin mallaka bai fita daga kanka ba, Kwamared Oryem."

Shirin shi ne su tsallaka iyaka, su faɗa wa barikin garin gaba kafin sojoji su gama karin kumallo. Hanyar ta bi ta Buwenda, kuma tun daga nesa suka ji kiɗa. Mutane cike da fili, hayaƙi na tashi daga murhu ko'ina. Tibamanya ya sa aka tsaya, ya hau kan mota idanunsa na ƙyalli.

"Kun gani? Ba su ma jira mu ba."

Lubowa ya san kiɗan. Na rufe makoki ne, ranar da ake naɗa wa mamaci magaji, kuma a ƙofar gidan surukinsa ake yi. Ta haka ya ji tsohon ya mutu.

"Kwamared, makoki ne fa."

"Ƙwarai, makokin tsohon zamani."

Tibamanya ya shiga jawabi a kan manoma da masu shan jininsu. Mutanen Buwenda ba sa musa wa baƙo a fuska, balle wanda ya zo musu gaisuwar mutuwa a manyan motoci, saboda haka duk inda ya numfasa sai su ce, "Haka ne, yallaɓai." Da aka buɗe akwatunan, kowa ya sa hannu biyu ya karɓi bindiga, ya kai ta inda ake tara gudunmawa, tsakanin kawunan ayaba da gorunan giya. Wani dattijo ya miƙe ya sanar cewa baƙi daga Tanzaniya sun kawo ƙarafa, iyalan mamaci sun gode.

Sai aka fito da matoke, wato dafaffiyar ayaba, mai turiri cikin ganye, da miyar gyaɗa. Mayaƙan da aka baro abincinsu a sansani suka zauna. Oryem ya dubi rana, ya yi tsaki, shi ma ya wanke hannu.

Ba a gama ci ba igwa ta fara magana daga wajen bariki. Tibamanya ya yi kira ga talakawa su ɗauki makamansu. Dattijon ya ce za a ɗauka, yallaɓai, amma ba a naɗa magaji ba tukuna, su dawo wani makon. Nan take jagoran ya ce ja da baya ma dabarar yaƙi ce. Aka tsotse ragowar man motocin aka zuba wa guda ɗaya, aka cusu a cikinta.

Oryem ya miƙo hannu. "Hau, tela."

Lubowa ya dubi tarin bindigogin. Ya san abin da sojoji ke yi wa ƙauyen da suka sami ko da harsashi ɗaya. Ya girgiza kai, motar ta tafi.

Nakitto ta fito daga cikin mata, ta dube shi sama da ƙasa. "Ka dawo?"

"Na zo 'yantar da ku ne."

"Da wannan wandon?"

Kayan gudunmawa na hannun matar mamaci, wato surukarsa Nabbanja, wadda bai isa ya kalli fuskarta ba, ita ma ba ta isa ta kira sunansa ba. Tana cikin ɗakin girki. Ya tsaya a waje, ya juya wa ƙofa baya, ya fuskanci wata akuya da ke ɗaure.

"Akuya, ki gaya wa Mama a zubar da ƙarafan nan a fadama tun sojoji ba su iso ba."

Daga ciki murya ta ce, "Tukunya, gaya wa mutumin nan ba a zubar da abin da aka kawo wa mamaci. Ko a Tanzaniya haka ake yi?"

"Akuya, za su ƙone gari."

"Tukunya, da ya kawo su bai san da haka ba?"

Igwa ta sake bugawa, kusa wannan karon. Gumi ya jiƙa masa riga.

"Akuya, tunda na mamaci ne, a kai masa kayansa mana."

Sai ta ce, "Tukunya, ashe yana da kai."

Maza suka haƙa rami a gonar ayaba, kusa da kabarin tsohon. Mata suka naɗe bindigogin cikin mayafin ɓawon itace da ake naɗe gawa da shi, suka ɗaure kai da ƙafa. Nakitto ta jefa kakin mijinta a murhu, ta zura masa farar rigar ubanta. Ana cikin mayar da ƙasa motar sojoji ta tsaya.

Hafsansu ya tako cikin gonar yana kaɗa sanda. "Wa ake binnewa?"

Nabbanja ta durƙusa. "Baƙo ne, yallaɓai. 'Yan iskan nan ne suka sauke mana shi suka gudu. Amai da gudawa, ko rabin yini bai yi ba."

Hafsan ya ja da baya, ya toshe hanci da hula. Amma bai tafi ba. Ya bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Mutum ya mutu, babu mai kuka?"

Dattijon ya nuna Lubowa. "Ga ɗan'uwansa nan, shi ya gane gawar."

Lubowa ya dubi bakin bindigar da sojan gefe ya saita masa, ya buɗe baki, kuka ya zo da kansa. Ya faɗi kan sabon kabarin yana birgima, yana dukan ƙasar da hannu yana ƙara danne ta. Mata suka kama masa kukan. Hafsan ya tofar da yawu, ya sa yaransa suka kwashe gorunan giya, suka hau mota suka bi sawun 'yan tawaye.

Ƙarar motar ta ɓace. Nakitto ta taɓa shi da ƙafa. "Ya isa, sun tafi."

Ya ji ta sarai, kukan ne ya ƙi tsayawa.