Kiran Tsakar Rana a Khartum

A bazarar shekarar 1964, bayan an rufe kasuwar auduga, Mamuda manomin Dayi ya tafi aikin Hajji tare da surukarsa. Ba shi ya zaɓi haka ba. Tsohuwar ta daɗe da niyya, mijinta ya riga mu gidan gaskiya, ɗanta namiji tilo yana aikin soja a Kudu, malamai kuwa sun ce mijin 'ya muharrami ne. Shari'a ta buɗe hanya, amma al'ada ba ta sassauta ba. Tun da Mamuda ya auri Laraba bai taɓa cin abinci a gaban uwarta ba, bai taɓa haɗa ido da ita ba. In suka yi kiciɓis a hanyar gona yakan ratse, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Sunanta Marka, sunan da aka raɗa mata a wajen Gozaki, cikin dangi masu bin addinin kakanni, kuma sunan nan bai taɓa fita daga bakinsa ba.

Ranar da za su hau babbar mota zuwa Kano, Laraba ta rako shi har zaure ta ce, "Malam, uwata amana ce a hannunka. Ka kai ta, ka dawo mini da ita."

Kakannin alhazan wannan zamani da ƙafa suke ratsa Barno da Wadai da Darfur, wasu su shekara bakwai a hanya, wasu a binne su a can. Mamuda ya san haka, ya kuma gode Allah. Duk da haka, da ya ga jirgin a filin Kano da asuba, da farfela huɗu, sai ya ja ya tsaya yana salati. An gaya musu wannan jirgi iyakarsa Khartum. A can za su sauka, su jira, wani ya ƙarasa da su Jidda.

Kujerun talakawa a matse suke, gwiwar mutum tana zungurar bayan na gabansa. Ejan ɗin alhazai ya dubi takardunsu, ya zaunar da tsohuwar a jikin taga, ya nuna wa Mamuda kujerar da ke manne da tata. Mamuda ya nemi a canza masa, ejan ya ce ba kasuwa ake ci ba, ya wuce. Haka suruki ya zauna kafaɗa da kafaɗa da suruka, abin da ko a mafarki bai taɓa gani ba. Ita ta ja mayafi ta juya fuska ga bango, shi ya karkace har ƙugunsa ya yi tsami, don kada rigarsa ta taɓa zanenta.

A tsallaken 'yar hanyar da ke tsakiyar jirgin akwai Alhaji Sanda, dillalin auduga na Funtua, wanda wannan ne hawansa na biyu. Ya dube su ya murmusa, ya ce jirgin Nasara bai san surukuta ba, kowa ɗan kaya ne. Shi ya nuna wa Mamuda yadda ake ɗaura ɗamarar kujera, ya kuma roƙi wata mata ta ɗaura wa tsohuwar.

Da injuna suka ɗauki ruri, jirgin ya kwasa da gudu, ƙasa ta sulale daga ƙarƙashinsu, sai salati ya cika ko'ina. Kunnuwan Mamuda suka toshe. Ya saci kallo ta gefen mayafin surukarsa, ya ga gonaki sun koma kamar facin tsumma, daga nan sai gajimare fari fat. Lokaci lokaci jirgin yakan faɗa kamar guga a rijiya, hanjin mutum ya taso har maƙogwaro, sannan ya tsaya. Wani dattijo a baya ya yi ta amai a jakar takarda. Alhaji Sanda ya ce gargada ce kawai, irin ta hanyar Dandume da damina, amma Mamuda ya lura shi ma carbinsa bai huta ba.

Aka kawo abinci a ƙananan faranta. Mamuda bai taɓa nasa ba, don tana kusa. Ita ma ba ta taɓa nata ba, don yana kusa. Ruwa kaɗai ta karɓa, ta sha a ƙarƙashin mayafi. Da rana ta ɗaga, ya ji tana ta gyara zama. Ya gane abin da ke damunta. Makewayi yana can ƙarshen jirgin, kuma ba ta da hanyar zuwa sai ta tsallake ƙafafunsa a gaban jama'a, kowa ya san inda ta nufa. Ya tashi ya tsaya nesa, kamar mai miƙe ƙafa, don ya ba ta dama. Ba ta motsa ba. Ma'aikaciyar jirgi ta zo ta mayar da shi mazauninsa da nuni.

Sun sauka Khartum rana tana tsaka. Zafin wurin ya wuce duk wanda ya sani a gona. Kwalta tana tururi, iska kamar daga bakin maƙera. Aka kora su cikin wata doguwar rumfar kwano inda alhazan wasu jirage suke jibge, Barebari da Yarbawa da mutanen Chadi, kowa da buta da ƙullin kaya. Maza suka yi gefe, mata suka yi gefe. Mamuda ya ga inda surukarsa ta zauna, ya sa alama da wani ginshiƙi, ya juya baya don ta sake, ya tafi alwala.

Da ya idar da salla ya waiwaya, babu ita a gindin ginshiƙin. Ƙullin kayanta yana nan, butarta ce ba ta nan.

Da fari ya ce wa kansa yanzu za ta dawo. Ya tambayi matan da ke wurin. Wata ta ce ta ga wata tsohuwa ta bi ta bayan rumfa. Ya je makewayin da aka tanada, ya sa aka duba, ba ta ciki. Sai ya tuna yadda ake yi in babbar mota ta tsaya a hanya: mace mai kunya ba ta tsugunawa kusa, sai ta yi nisa har ta daina jin muryar maza. A nan kuwa babu daji, babu kalgo, babu geza, sai fili shimfiɗe da jirage masu kama da juna.

Ana cikin haka lasifika ta yi magana da Larabci, ejan ya ɗaga hannu ya ce mutanen jirgin Kano su yi layi. Mamuda ya same shi ya gaya masa surukarsa ta ɓace. Ejan ya buɗe fasfonta ya ƙwala kiran sunan da ke ciki, Adama, sunan da liman ya ba ta ranar da ta musulunta, wanda ko ita ta manta da shi. Mata uku suka amsa, babu ita a ciki. Ejan ya ce jirgi ba ya jiran kowa, wanda ya makara sai ya zauna a Sudan har a sami gurbi, wataƙila bayan Arfa.

Alhaji Sanda ya bar raha. Ya ce zai tsaya a ƙarshen layi ya yi ta jan ƙafa, Mamuda ya ruga.

Ya fita bayan rumfa. Hasken rana ya kashe masa ido. Ya yi kira, "Inna! Inna!" Wasu tsofaffi biyu daga cikin rumfa suka leƙo, don kowace tsohuwa Inna ce. Ya bi shingen waya da gudu, takalminsa yana manne wa kwalta. Ya tuna labarin mutanen da suka ɓata a hanyar Gabas, aka shekara ana jiransu, daga baya aka yi musu sadakar arba'in ba gawa. Ya ga kansa yana sauka daga mota a Dayi shi kaɗai, Laraba tana duban bayansa. A can gefe wata farfela ta jirginsu ta fara juyawa, ta biyu ta bi ta.

Ya tsaya kusa da wani tarin gangunan mai. Ya nemi gafarar Allah kamar mai shirin yin saɓo, ya cika ƙirji, ya kira sunan.

"Marka!"

Ba amsa. Ya sake kira, ya kuma sakewa, har muryarsa ta dushe. Babu abin da ya dawo masa sai rurin injuna. Ya dafa wata ganga, zafin ƙarfen ya ƙone masa tafi. Da ya sunkuya yana yarfe hannu, sai ya ga jiƙaƙƙiyar ƙasa, da sawun ƙafa ƙanana sun shiga tsakanin gangunan.

Tana can a tsugune cikin 'yar inuwa, ta lulluɓe kanta gaba ɗaya, ta toshe kunnuwa da yatsu. Tana karanta Ƙulhuwallahu, tana haɗawa da wasu kalmomi na gidan ubanta waɗanda Mamuda bai taɓa ji ba. Taku goma ne tsakaninta da inda ya tsaya yana kira. Ta ji shi sarai.

Nan take ya gane. A ƙasarsu yaro ma ya san ba a amsa kiran suna a fili da tsakar rana, don lokacin ne iskoki suke yawo, suna aron muryar wanda ka sani. Wanda ya amsa ya tafi ke nan. Ita kuwa ta fito ta rasa rumfarsu, ga baƙuwar ƙasa, ga rana a tsaka, sai ta ji muryar mijin 'yarta tana kiran sunanta tsirara. Abu ɗaya ta tabbata da shi a duniya: Mamuda ba zai taɓa yin haka ba.

Ya matsa, ta ƙara dunƙulewa. Ya ce shi ne, jirgi zai tashi. Ta ɗaga muryar karatu. In ya kama hannunta zai tabbatar mata da abin da take tsoro, wataƙila zuciyarta ta buga a wurin. Farfela ta uku ta kama. Daga nesa ya hango layin ya ƙare, saura farar rigar Alhaji Sanda a gindin matakala.

Sai Mamuda ya ja da baya. Ya tuɓe takalmansa a kan kwaltar nan mai ƙuna, ya durƙusa, ya kawar da kai gefe, ya sa ido a ƙasa. Ya sassauta murya kamar yana ƙofar ɗakinta da safe.

"Inna, barka da rana. Ina gajiya?"

Karatun ya tsaya.

"Ina gajiyar hanya, Inna? Yaya muka ji da zafi?"

Mayafin ya ɗan buɗe. Ta dubi takalman da ke gefe, ta dubi ƙafafunsa a kan kwalta, ta dubi ƙeyarsa. Da wata siririyar murya ta ce, "Lafiya lau. Gajiya ta bi lafiya."

Ya ce in ta yarda, ana jiransu. Ta ɗauki butarta ta miƙe. Bai iya sa ta gudu ba, bai kuma iya shiga gabanta ba sai da ta yi masa nuni da hannu, don ba ta san hanya ba. Haka suka ratsa filin, shi yana taku yana waiwaye, iskar farfela tana fizgar rigarsa, takalmansa a hannu don ya manta ya sa. Alhaji Sanda yana kan matakala ta farko, ya rungume ƙullin kayanta, yana yi wa wani ma'aikaci gardama da Larabcin kasuwa, ya ƙi hawa ya ƙi sauka. Suna shiga aka rufe ƙofa.

Wannan jirgin ya fi na farko matsi. Suka zauna kamar dā, ita a jikin taga. Tafin ƙafarsa ya kumbura, sai yanzu ya fara jin raɗaɗin. Jirgin ya kwasa, ya ɗaga, ya karkata har kogin Nilu ya bayyana a taga, salati ya sake tashi. Alhaji Sanda ya sanar da cewa nan gaba akwai teku, mutane suka ƙara ƙanƙame kujeru.

Cikin wannan ruri tsohuwar ta yi magana, fuskarta tana ga bango.

"Ɗazu na ji wani kira a bayan gangunan nan."

Mamuda ya sunkuyar da kai.

"Kai ma ka ji?"

Ya daɗe yana duban bayan kujerar gabansa. Sannan ya ce, "Na ji, Inna."

"To, Allah ya tsare mu. Da na amsa, da yanzu wani zance ake yi."

"Allah ya ƙara tsarewa," in ji Mamuda.