Saura Kafso Goma Sha Biyu

"Miƙo sauran," in ji Uwar ɗaki. Ta shimfiɗa tafin hannunta a kan keken ɗinkin Bahaguwa ba tare da ta ko dube ta ba, kamar mai karɓar almakashin da aka ara.

Bahaguwa ta ɗage ƙafa, ƙarar keken ta mutu. Ta dubi hannun, ta dubi mai hannun.

"Sauran me, Mama?"

"Sauran maganinki mana. Ba ga shi kin warware ba? Tun safe kike zuba ɗinki kamar ba ke ba. Ki dubi 'yar'uwarki ki ji tausayi."

Mai guga tana can ƙuryar shagon, kuncinta na dama ya kumbura ya yi suntum, ta ɗaure shi da ɗankwali tun daga haɓa har tsakar ka. Kwana uku ke nan haƙori yana cinta. Tana guga tana zuƙar iska ta gefen baki, ga rigunan 'yan makaranta an tara mata tuli guda. Gobe da safe masu makarantar za su zo ɗauka, kuma kaf shagon babu wadda ta iya fitar da karin wando kamar ita.

A shagon nan akwai wata doka da ba a rubuta ba, amma kowa ya haddace ta. A saman kabad ɗin zare akwai wani tsohon gwangwanin biskit. Duk wadda ta je asibiti aka rubuta mata magani, da zarar ta ji sauƙi sai ta kawo ragowar ta juye a ciki. Wadda kuma ta tashi da tari ko ciwon mara, sai Uwar ɗaki ta sauko da gwangwanin, ta ɗora tabarau a karan hanci, ta tona da yatsa ta zaɓo mata. Da launi take aiki. Ja da baƙi na ciki ne, ja da ruwan ɗorawa na ƙurji, fari kuwa ba ya zaɓen cuta. Ba mugunta ba ce ko kaɗan. A wurinta wannan shi ne zaman tare, kuma takan faɗa da alfahari cewa a shagonta ba a zubar da ƙyalle, ba a zubar da magani.

Daga cikin gwangwanin nan aka yi wa Bahaguwa magani mako uku da suka wuce, ranar da allurar keke ta shige mata manuniyar hagu ta gefen farce. Hagun kuwa ita ce damarta, da ita take yanka, da ita take tura yadi, da ita take ciyar da 'ya'yanta biyu. Uwar ɗaki ta ɓare kafso ta barbaɗa garin a kan ciwon, ta ba ta wasu ta sha kwana biyu. Kumburin ya saɓe, kowa ya yaba hannun Mama. Bayan kwana goma yatsan ya dawo da ƙarfinsa, ya yi jawur yana zogi, har wani jan layi ya fara hawa bayan hannun.

Ranar Litinin ta kai kanta asibiti. Likitar, wata gajeriyar mata marar yawan magana, ta tsaga wurin ta matse mugunyar, sannan ta tambaye ta me ta sha.

"Ja da ruwan ɗorawa," in ji Bahaguwa.

"Sunansa nake tambaya."

Bahaguwa da take iya bambance yadi iri talatin da shafawa kawai, ba ta san sunan abin da ta haɗiya ba. Kunya ta rufe ta.

Likitar ta tambaye ta ko wani magani ya taɓa sa mata ƙaiƙayi ko kumburin fuska, ta ce a'a. Sai ta ɗauki biro ta ja layi a kan gaɓar farko ta yatsan.

"Kin tsokani ƙwayoyin cutar, ba ki kashe su ba. Saura kaɗan su kai ƙashi. In suka kai, daga nan za mu yanke. Ga magani na kwana bakwai, sau uku a rana, awa takwas tsakani. A kwana na uku za ki ji kamar kin warke. Ƙarya yatsan yake miki. Ki shanye tas, kuma naki ne ke kaɗai."

Yau Alhamis. Saura kafso goma sha biyu a jakarta, kuma yatsan, kamar yadda aka faɗa, ya fara yi mata ƙaryar. Ba zogi, ba zafi, sai ɗan ƙaiƙayi a ƙarƙashin bandeji.

"Mama," in ji ta a hankali, "ban gama ba. Sai Litinin."

"Wa ya ce ki ba da duka? Shida ke, shida ita. Na gwangwani mun ba ta tun shekaranjiya bai yi komai ba. Naki kuwa mun ga aikinsa da idonmu."

"Likita ta ce in shanye."

"Likita!" Rediyo ce ta cafe daga keken da ke bakin taga. Ba a banza aka sa mata sunan ba, in ta kama tasha sai dai wuta ta ɗauke. "Su likitoci ai ko atishawa ka yi sai su rubuta maka na wata guda. Ni da aka ba ni na kwana biyar, uku na sha, ga ni nan garau, ko ƙafa ba ta gutsure ba."

"Bakin ne dai bai gutsure ba," in ji Bahaguwa.

Wata ta ƙyalƙyale da dariya, ta yi maza ta haɗiye da ta ga fuskar Uwar ɗaki.

Uwar ɗaki ta janye hannunta, ta riƙe ƙugu. Shekara tara Bahaguwa take ƙarƙashinta. Ita ta koya mata riƙe almakashin dama da hannun hagu, ita ta tsaya mata lokacin da mijinta ya kwanta jinya, kuma a tsawon shekarun nan ba ta taɓa miƙa hannu ya dawo wayam ba.

"Da allura ta huda ki, daga ina kika sha? Ba daga gwangwanin nan ba? Ragowar wasu kika ci, kika ce na gode. Yau da ya zama naki shi ne za ki ƙanƙame?"

Maganar ta soki Bahaguwa, don gaskiya ce. Tana son matar nan, tana kuma jin nauyinta fiye da na kowa. Amma sai ta warware bakin bandejin, ta ɗaga yatsan sama. Shatin biron yana nan, ya dushe amma bai goge ba, don da gangan take kauce masa wurin wanka.

"Na sha, Mama, ban musa ba. Ga abin da ya saya min. Kin ga layin nan? Nan za a yanke. In na raba shida shida, ni ban warke ba, ita ma ba ta warke ba. Kuma wa ya ce miki maganin yatsa shi ne na haƙori? In ta sha jikinta ya ƙi shi fa, ta faɗi mana a nan?"

"Bakinki ya sari..." Uwar ɗaki ta katse maganar da tsaki. "Yau kuma ke ce likitar?"

"Ni tela ce. Shi ya sa nake son yatsana."

Mai guga ta ajiye dutsen gugar, ta yi magana ta cikin ɗankwali, muryar tana fita a cushe. "Ku bar ta, Mama. Ni zan daure. Kada a yi faɗa a kaina."

"Ba daurewa za ki yi ba, Yaya," in ji Bahaguwa. "Asibiti za ki je. Dubi kumburin nan ya kusa kai miki ido."

"Ta je asibiti, wa zai goge wannan?" Uwar ɗaki ta nuna tulin rigunan. "Ke? Ko Rediyo da ke ƙona wuyan riga? In an kai kayan gobe, ta je ta kwana a asibitin ma in tana so. Yau kam kafso biyu ya ishe ta ta tsaya da ƙafarta."

Rediyo ta ce, "Rowa dai ba kyau. Rowar abinci mun sani, amma rowar magani yau na fara gani."

Kalmar ta yi wa Bahaguwa ciwo fiye da allurar. Ita da kullum kwanonta ne a tsakiya. Ta duba fuskokin abokan aikinta ɗaya bayan ɗaya, kowace ta sunkuyar da kai kan ɗinkinta. Ta gane babu mai tsaya mata, ta kuma gane ko da akwai, amsarta ɗaya ce.

"Ku kira shi abin da kuka ga dama. Ba zan bayar ba."

Uwar ɗaki ta ƙura mata ido.

"To ki ji," in ji Uwar ɗaki, muryarta ta yi ƙasa, wanda ya fi ihunta ban tsoro. "Ba na zama da mai ware kanta. Ko ki ajiye maganin nan a kan teburin nan, ko ki rufe min kekena."

Bahaguwa ta mayar da bandejin ta naɗe. Ta yanke zaren da ke jikin hannun rigar da take ɗinkawa, ta ninke ta, ta ɗora a kan sauran. Ta share tarkacen ƙyalle daga kan keken da gefen hannu, ta ja mayafinsa ta rufe shi har ƙasa, yadda take yi kowace yamma. Sannan ta rataya jakarta ta fita.

A waje rana ta take. Ta bi ta gaban mai gyaran takalma, ta wuce shagon masu walda, ta tsaya a inda ake jiran mota. Sai a nan hawayen suka zo, na baƙin ciki da na haushi a haɗe. Shekara tara! Me za ta ce wa yaran in sun dawo makaranta suka tarar da ita a gida? Mota ta zo ta tsaya, ta cika, ta tafi, ba ta shiga ba.

Wayarta ta hau ƙara a cikin jaka. Babbar 'yarta ce ta saita mata, don kada ta manta da lokacin shan magani. Ƙarfe biyu daidai.

Ga mai sayar da ruwa nan taku uku daga inda take. Har ta ɗaga hannu za ta kira shi, sai ta sauke. Me ta sata da za ta laɓe a bakin titi tana haɗiyar maganinta kamar mai laifi? Kuma fuskar Mai guga ta ƙi barin idonta, da kumburin nan da ke hawa. Ta san yadda abin yake tafiya, a jikinta ta koya. Ta goge fuskarta da gefen mayafi, ta juya.

Da ta tura ƙofar shagon, kekuna suka tsaya. Rediyo ta taɓa ta kusa da ita da gwiwar hannu. Uwar ɗaki ta ɗago daga teburin yanka, fuskarta ta ɗan saki, ta gyara tsayuwa irin ta wadda ta shirya yafewa.

"Kin dawo hankalinki ke nan," in ji ta.

Bahaguwa ta wuce ta gabanta zuwa inda ake ajiye ruwan sha, ta cika kofi. Ta buɗe jaka, ta fito da katin maganin, ta ɓallo ɗaya. Ta tsaya a tsakiyar shagon inda kowa zai gan ta, ta jefa shi a baki, ta kora da ruwan har ƙasan kofin. Ta mayar da sauran cikin jaka ta ja zif.

"Yaya, tashi mu je," ta ce wa Mai guga. "Ƙarfe uku suke daina karɓar masu ciwon haƙori. Ni zan raka ki."

Mai guga ta dubi tulin rigunan, ta dubi Uwar ɗaki. Idonta na dama ya fara ƙanƙancewa.

"Duk wadda ta taka ƙofar nan..." in ji Uwar ɗaki. Ba ta ƙarasa ba, don a karon farko tun safe ta tsaya ta kalli fuskar da kyau.

Mai guga ta sunkuya a hankali, tana dafe da kunci, ta zare wayar dutsen gugar daga bango.

A bakin ƙofa Bahaguwa ta waiwayo.

"Mama, Litinin da safe zan haɗiye na ƙarshe. In kekena yana nan, zan zo miki da yatsuna goma. In kuma kin ba wata, da su goman zan je neman wani."

Ba ta jira amsa ba. Ta riƙe Mai guga da hannun dama suka tsallaka titi, ta ɗaga na hagun mai bandeji ta tsayar da mota.