Jarka a Kan Motar Katelo

Katelo na durƙushe a kan rufin tsohuwar motarsa a ƙofar asibitin Marsabit, yana yanke gindin wata jarka rawaya da wuƙar fiɗa. Masu jinya sun taru a inuwa suna kallo.

"Mijin Yaya, don Allah sauko," in ji Adano, ƙanin matarsa, mai fataucin awaki. "Mutane za su ce kai ne mara lafiyan, kuma ba ido ke damunka ba."

"Miƙo mini robar nan, sarkin surutu."

Jiya aka cire wa matarsa Darare yanar ido. Ta yi shekaru tana lalube, tana gane jikokinta da murya. Likita ya ja musu kunne cewa in ƙura ko hayaƙi ya shiga idon kafin ya warke, aikin ya lalace, kuma masu aikin ido ba za su sake zuwa ba sai baɗi. Ga shi gidansu yana Kalacha, sai an bi ta hamadar Chalbi.

Da za su zo, Adano ne ya shirya motar. Ya cusa tsummoki a kowace kafa, ya manne ƙofar baya da salatef. Duk da haka suka iso fari fat, kamar an birkiɗa su cikin gari.

Shi kuwa Katelo akwai abin da ya daɗe yana juyawa a ransa. Wata shekara dutse ya fasa masa gilashin gaba, ya yi ta yawo haka nan, iska na dukan fuskarsa. Abin mamaki, a lokacin ne bayan motar ya fi tsabta. Ya kwana ya tashi da wannan, har ya yanke cewa mota ma numfashi take yi. In ka toshe mata hanci, sai ta zuƙa ta baya, inda tayoyi ke tayar da ƙura. In ka cika mata ciki da iska mai kyau, sai ta riƙa fitarwa ta kowace kafa, ƙura ta rasa hanyar shiga.

Ya kwantar da jarkar, buɗaɗɗen gindinta na fuskantar gaba, ya ɗaure ta tam. Ya haɗa bakinta da guntun tiyo, ya zura shi ta hujin da eriya ta bari a rufi. A ciki ya ɗaura jiƙaƙƙen mayafi a bakin tiyon.

"To ni dai na ji," in ji Adano. "Don kada ƙura ta shiga, sai a buɗe mata ƙofa. Yaya, kin ji mijinki?"

Darare na zaune a gaba da baƙin tabarau. "Tun kafin ka yi gemu nake jin sa. Shiga mu tafi."

"Aikinka ɗaya ne," Katelo ya ce wa Adano. "In ka ga mota na tahowa, sa tafin hannu ka toshe tiyon. In ƙurarta ta wuce, ka saki."

Suka rufe gilasai, suka gangaro daga dutsen da garin Marsabit yake a kai. Da motar ta ɗauki gudu, mayafin ya kumbura kamar kumatun mai busa, iska mai ɗan sanyi ta riƙa sauka a wuyan Adano. Can sai ya juya ya kai hannu jikin ƙofar baya, ya ji iska tana fita ta kafar da ta yi ta feso musu ƙura lokacin zuwansu. Ya gyara zama, ya yi tari wanda ba na ƙura ba.

Suka haɗu da motoci kaɗan. Katelo ya ce "Toshe!" Adano ya toshe, ya ce "Saki!" ya saki. Har suka wuce garin Maikona Darare ba ta ko yi atishawa ba.

A bakin Chalbi ne suka cim ma wata babbar mota mai ɗauke da buhunan masara, tana tafiya kamar ba ta son zuwa. Bayanta farar ƙura mai gishiri ta miƙe kamar katanga. Adano ya toshe tiyon. Ba a jima ba Katelo ya hango ta madubi wani siririn hazo yana shigowa ta ƙofar baya, yana yawo cikin hasken rana.

"In na saki ta shigo ta sama, in na riƙe ta shigo ta ƙasa," in ji Adano. Wasa ya bar muryarsa. "Mu tsaya su yi nisa."

Sai dai wata motar na tafe a bayansu, ita ma da tata katangar. Darare ta rufe tabarau da hannu biyu.

Katelo ya dubi yadda ƙurar ke karkata hagu. Iska daga dama take. A daman kuwa babu hanya, sai farin fili shimfiɗe har ƙarshen gani, wanda kowa ya san wani wurin ɓawo ne kawai a kan taɓo.

"Maigida, me kake tunani?" in ji Darare. "Na san wannan shirun naka."

"Sawun raƙuma nake dubawa. Inda ya ɗauki raƙumi da kaya, zai ɗauke mu."

Ya saka giyar ƙafa huɗu, ya karya sitiyari, suka bar hanya. Ƙasa ta yi ƙara ƙurus-ƙurus a ƙarƙashinsu. Sau ɗaya tayar baya ta nutse, motar ta yi gurnani, Adano ya kira sunan uwarsa, sai motar ta fizge ta fita. Iska ta washe a gabansu.

"Saki!"

Mayafin ya kumbura. Hazon nan ya ja da baya, ya bi kafofin da ya shigo ya fice. Suka jera da babbar motar, suka wuce ta, yaran motar na saman buhuna suna nuna jarkar suna ihu. Adano ya manna fuska a gilashi yana yi musu gwalo, ƙato da gemunsa.

"Ku ci ƙurarmu! Wannan mijin yayata ne!"

Da la'asar suka shiga Kalacha. Katelo ya tsaya a inuwar gorubar ƙofar gida. Ya shafa yatsa a kan allon gaban motar, ya ɗaga wa Adano ya gani. Babu komai a jiki.

Mata suka fito da guɗa. Darare ta ɗan sauke tabarau, ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya ta cikin gilashi, tana kiran sunayensu, idon nan garau, ba ja ba hawaye. Katelo ya zagayo zai buɗe mata ƙofa, ta danna makulli.

"Lafiya?"

Ta nuna masa bukkarsu, inda hayaƙin murhu ke tsattsafowa ta rufi. Ta nuna wata 'yar guguwa da ke wasa da kashin awaki a tsakar gida.

"Duk garin nan babu ɗaki mai tsabtar wannan," ta ce ta bayan gilashi. "Nan zan zauna sai ido ya warke. A kawo mini shayi da nonon raƙumi, da matashina."

"To ni da me zan kai awakin Adano kasuwa?"

"Ai suna da ƙafa."

Katelo ya tsaya yana kallon motarsa. Daga nan ya shiga gida ya ɗauko matashin.