Iska Tana Sama

Alassan ya ce shi ba yawo zai tafi ba, turisim zai tafi. Da ƙanwarsa Barira ta tambayi bambancin, sai ya ce ɗan yawo ƙafa gare shi kawai, turis kuwa yana da jakar goyo. Jaka kam ya saya a kasuwar Malanbil, haɗe da wata jibgegiyar rigar sanyi ja mai gashi a wuya. Ya gwada ta da tsakar rana a Gaya, zufa na zuba, yana cewa a ɗauke shi hoto ta gefe.

Wurin aikinsu na fiton kaya ne ya tura shi horon sati biyu a ƙasar Marok. Da aka gama, ya bi wasu nasaru hawan wani dutse mai ƙanƙara a ka. Mutumin da iyakar hawansa a duniya kadarkon da ya haye kogin Gaya, shi ma a bayan kabu-kabu.

Kwana biyu hotuna na shigowa wayar Barira, kowane da dogon faransanci a ƙasa. Rana ta uku bayan azahar sai ga saƙon murya, kuma babu faransanci ko ɗaya a ciki.  Yana magana yana tsayawa. Ya ce kansa kamar ana daka a ciki, ya yi amai sau biyu, yana jan iska ba ta isarsa. Mai yi musu jagora ya ce ya juya, amma saura kaɗan a kai ƙoli, kuma ya riga ya gaya wa duk ƴan ofis su jira hoto. A tambayar masa Baba: ya hau ko ya sauka?

Baba Siddo na gindin itacen bedi yana ɗinkin tarun kamun kifi. Shekara arba'in yana sana'ar su a kogin nan, kuma mutanen da ya tsamo da ransu sun fi yatsun hannu. Barira ta kunna masa saƙon, ya saurara har ƙarshe, bai ko ajiye zaren ba. Ya ce abin mai sauƙi ne. Duk wanda numfashi ya ƙare wa, sama yake yi. Waɗanda ya ga sun mutu, ƙasa suka yi.

Barira daga aji shida ta bar karatun lakwal, amma tun ranar da yayanta ya sa rigar nan take karance-karance a waya. Ta durƙusa ta ce, Baba, dutse ba kamar ruwa ba ne, can in ana hawa iskar raguwa take.

“Ke kin taɓa nutsewa?”

Ta ce a'a.

“To danna mini abin.”

Ta danna wurin ɗaukar murya ta riƙe. Ya kawo baki dab da wayar kamar mai kiran wani a ƙetaren kogi. “Alassan, ubanka ne. Kar ka tsaya, kar ka dubi ƙasa. Yi sama, ɗana, iska tana sama.”

Ta so ta ja yatsa ta goge, amma tsohon ya san ƴar ƙarar da saƙo ke yi in ya tafi, kuma ya kasa kunne yana jiranta. Ta saki.

Ta zaga bayan madafa da sauri ta yi nata saƙon. Yaya, don Allah ka sauko, ka bi maganar jagoran, hoton ni zan haɗa maka a waya, ba wanda zai gane.

Ta duba. Na Baba alama biyu, har sun yi shuɗi. Alassan ya ji. Nata alama ɗaya, bai kai ba.

Ta kira, ba ta shiga. Ta fita ƙofar gida, alama ɗaya. Ta gangara bakin kogi ta hau bayan wani kifaffen jirgi, ɗaya. Wata mai gasa kifi ta ce mata rezon waya ya fi ƙarfi a kan kadarko, ta tafi can da silifas wari-wari. Lokacin da ta wuce ta ƙofar gida ta jiyo Baba yana ba maƙwabci labari, wai yau daga zaune ya tsamo mutum.

A tsakiyar kadarkon ta tsaya, manyan motoci na wucewa, ƙarfen na rawa ƙarƙashinta. Duk inda ta sani a Gaya ba wurin da ya fi nan tsawo. Ta ɗaga wayar sama iyakar hannunta, ta yi ɗage. Hannun ya gaji, ta canza ɗayan.

Alama ɗaya.