Jarumin da Aka Wanke

Wasan bidiyon nan, in gaskiya za a bi, bai da kyau. Daga wani fim na mayaƙa da aljanu aka ciro shi, amma a fim jarumin sara yake kamar walƙiya, a wasan kuwa sai ka danna ya tsaya shawara kafin ya ɗaga takobi. Ya maƙale a bango, ya juya wa dodo baya a kashe shi a banza. Zaharaddin, mijin yayata Souwaiba, kullum cikin zagin waɗanda suka ƙera wasan yake, kuma duk dawowarsa daga hanyar Dirku da kamyo, babbar motar kaya, bai gama cire rawani ba zai ɗauki manet, abin sarrafa wasan.

A hanyar nan ya rasu.

Da Souwaiba ta shiga takaba, ni na tare wurinta. Ba fita, ba kwalliya, sai zaman ɗaki. Wata hantsi na same ta gaban tele, ta kunna na'urar wasan. Jarumin mijinta na tsaye inda ya bar shi, a bakin wata gada, da shuɗin mayafin da ya zaɓa masa da takobin da ya sha wahala kafin ya samu. Ba ta iya wasan ba, ba ta kuma son ta iya. Takan tura shi ya ɗan taka, ya maƙale a bangon da ya saba, ta yi dariya, sai kuka. Shi ke nan abin da ya rage mata wanda hannunsa ya gina, ni ma na daina ganin munin wasan.

Da za a raba gado, wan mijinta Lawali ya zo ya kwashe kayan mamaci, yadda aka saba, a wanke a gyara kafin kowa ya karɓi rabonsa. Riguna suka tafi wurin wanki, na'ura ta tafi wurin mai gyara a kasuwa. Souwaiba ta ji nauyin ta ce wa babban wa ya bar mata abin wasa tana cikin takaba. Ni ma na bari ya tafi da shi, har yau ina jin haushin kunyar nan.

Lawali mutumin kirki ne, shi ya tsaya aka sa na'urar a rabonta. Ya kawo ta tana ƙyalli.

"Na ce a wanke ta ciki da waje," in ji shi. "Mai gyara ya ce ya share komai, ta koma sabuwa."

Ta yi masa godiya, har da addu'a.

Bayan ya fita ta kunna. Babu gada, babu mayafi. Wani baƙon jarumi ne tsaye da sanda, allon yana tambaya da Faransanci wane suna za a sa masa. Souwaiba, wadda tunda aka ɗaura aurensu ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, ta daɗe riƙe da manet. Sannan ta miƙo mini.

"Habsa, rubuta mini. Kin san sunan."